Daga Karofin Kura Zuwa Ajin Kimiyya: Ilimin Gida da Makarantunmu Suka Bari a Waje

A ƙarshen zangon karatu, makarantu da yawa a ƙasar Kano sukan ware yini guda su kira shi ranar al'adu. Duk wanda ya taɓa halartar irin wannan taro a Dawakin Kudu ko Kura ko Bunkure ya san yadda yake gudana. Tun da hantsi ake jera kujeru a gindin darbejiya. A naɗa wa wani yaro rawanin aro ya zama sarki, wasu biyu su sa jajayen kaya su tsaya a bayansa a matsayin dogarai. 'Yan mata su fito da ƙwarya da ludayi da faifai, wata ta ɗauko tallan fura, wasu su yi gaɗa. A ci dambu da ɗanwake, iyaye su ɗauki hoto da waya, kafin azahar an watse.

Da an dawo hutu, rawani ya koma hannun mai shi, ƙwarya ta koma madafi, darasi ya ci gaba daga inda aka tsaya.

Yaron da aka naɗa wa rawanin, da wuya ya iya faɗin inda aka saƙa irinsa, ko abin da ya ba shi wannan baƙin mai ƙyalli, alhali Kura, garin da ya yi suna da sana'ar rini tun daga nan har tsakiyar Sahara, tana nan cikin yankinsu. Abin da ke damun malamai da dattawa da dama a wannan yanki ke nan. Al'ada ta zama kayan kwalliyar yini ɗaya, ilimin da ke cikinta kuwa, na ƙasa da ruwa da tsiro da sana'a da tarihi, yana tafiya tare da tsofaffin da suka riƙe shi, makaranta ba ta karɓa ba.

Ƙasar sarakunan baba

Yankin kudancin birnin Kano ba fili ne da aikin noman rani ya tarar babu tarihi ba. A ƙasar Dawakin Kudu dutsen Santolo yake, wurin da tarihin Kano ya nuna ya daɗe yana ja da birni kafin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya ci shi da yaƙi a zamanin da Wangarawa suka iso da addinin Musulunci. A labarin Hausa Bakwai kuma, da aka raba wa 'ya'yan Bawo ayyuka, Kano da Rano ne aka ce sarakunan baba, wato masu rini. Bunkure tana ƙasar Rano, Kura tana tsakanin biyun.

Wannan suna ba a banza aka samo shi ba. Bature ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan suna kaiwa Timbuktu ta yamma, ta arewa kuma har Ghat da Murzuk da Tarabulus. Ba a cikin ganuwa kaɗai ake wannan aiki ba. Masanin tarihi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya yi digirinsa na uku a 1975 a kan masana'antar rini ta masarautar Kano a ƙarni na 19, ya kuma nuna irin ƙarfin da garuruwan karkara suke da shi a wannan ciniki, Kura a sahun gaba. Rawani ɗan Kura da turkuɗi su ne abin alfaharin Buzaye, su ne suke bar musu shuni a fata.

Yaro ɗan firamare a Tsakuwa ko Gano zai iya gama aji shida bai ji sunan Santolo a aji ba, bai kuma san cewa kakanninsa sun yi ciniki da Agadas da Timbuktu ba. Wannan ba laifin yaron ba ne. An cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantun Najeriya wajen 2009, sai bayan fiye da shekara goma aka dawo da shi, kuma ko da ya dawo, littafin da ake bugawa don ƙasa baki ɗaya ba shi da shafin da zai ba kowace gunduma labarinta.

Abin da ke cikin ramin rini

A 1977 gwamnatin jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya guda biyu na maza, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa. Dalilin a fili yake: jihar da aka ƙirƙira a 1967 ta sami kanta ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa. Aka riƙa tace yara da jarrabawa ana kai su kwana, ana ba su lissafi da kimiyya zalla. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi nazarin shekaru goman farko na waɗannan makarantu a digirinsa na uku. Sakamakon kuwa ba ya buƙatar dogon bayani, domin da wuya a shiga babban asibiti ko jami'a a Arewa ba a tarar da tsohon ɗalibin Dawakin Kudu ba.

To ga abin lura. Ɗalibin da ke zaune a ɗakin gwaje-gwaje na wannan makaranta yana haddace yadda sinadari yake sauyawa idan iska ta taɓa shi, da bambancin abu mai tsami da mai kaifin toka, da aikin ƙwayoyin halitta wajen ruɓar da abu. Duk waɗannan ukun suna faruwa a gaban ido a cikin ramin rini guda ɗaya.

Marini yakan haƙa rami mai zurfi, ya shafe shi da laso, wani siminti na gargajiya da ake haɗawa da katsi da gashin dabba da dafara, don kada ruwa ya tsiyaye. Ya zuba ruwa da toka da baba, ya bar su kwanaki suna ruɓa, yana motsawa da doguwar sanda har kumfa ta taso. Shunin da ke cikin baba ba ya narkewa a ruwa haka kawai. Toka ce take gyara ruwan, ƙwayoyin halittar da ke cikin ramin su cinye iskar da ke ciki su mayar da shunin yadda zai narke ya shiga zare. Shi ya sa idan aka tsamo zane daga rami yakan fito da launin kore-kore, sai ya sha iska sannan ya rikiɗe ya zama shuɗi a hannun mai shi. A sake tsomawa, a sake tsamowa, har ya yi duhun da ake so. Daga nan sai mabuga su karɓa, su ɗora shi a kan gungume, su yi ta bugu ana ƙara garin shuni har ya ɗauki ƙyalli. Idan rami ya mutu, a kwashe katsin da ya kwanta a ƙasa, a ƙona, a sake amfani da shi. Ba a zubar da komai.

Marinin bai san sunayen da littafi ya ba waɗannan abubuwa ba, amma da ido da hanci yake gane ramin da ya nuna da wanda ya lalace, kuma ba ya kuskure. Ɗalibin ya san sunayen, bai taɓa ganin abin ba. Tafiyar da ke tsakaninsu ba ta kai ta awa ɗaya a mota ba. Halinmu a nan ya yi kama da na mai rijiya a tsakar gida da yake sayen ruwan garuwa.

Lokaci kuma ba ya jira. Tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897 kasuwar baba ta fara girgiza a duniya, daga baya galura da yadin waje mai araha suka ƙarasa. Mafi yawan karofin karkarar Kano sun mutu, wasu an cike su da shara, wasu an yi gini a kai. Na Ƙofar Mata a birni, waɗanda ake danganta kafuwarsu da 1498, masu yawon buɗe ido ne suke taimaka musu su rayu. Waɗanda suka san aikin ciki da waje a Kura shekarunsu sun ja.

Ruwan Tiga ya sauya kalanda

Akan ɗora laifin gushewar al'adu a kan waya da finafinai, kuma suna da nasu kason. Amma a wannan yanki akwai dalilin da ya riga su, wanda ba a cika ambatonsa ba saboda alheri ne ya zo da shi.

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, an tsara ta don ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga can babbar hanyar ruwa take gangarowa da kanta ba tare da inji ba, ta rarrabu cikin gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, a aikin da aka tsara kashinsa na farko a kan kimanin hekta 22,000, wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are take kula da shi. Manoman Dawakin Kudu da ke gaɓar kogi wajen Tamburawa su ma sun shiga noman rani da injin ban ruwa. Shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da masara da rani. Kura ta zama garin casar shinkafa, Kwanar Gafan ta zama kasuwar da manyan motoci suke lodin tumatir zuwa kudu. Dubban gidaje sun sami abin da iyayensu ba su samu ba, kuma babu mai hankalin da zai so a koma baya.

Sai dai a tsohon tsarin rayuwar Bahaushe, rani shi ne makarantar sana'a. Da an kai amfanin gona rumbu, an yi kalankuwa, sai masaƙi ya koma kan masaƙarsa, marini ya koma karofi, maƙeri ya hura wuta, yara suna gefe suna miƙo kaya suna kallo har hannunsu ya faɗa. Da dare kuma a zagaye kaka a sha tatsuniya da kacici-kacici. Watanni biyar ko shida ke nan a kowace shekara da ake miƙa ilimi daga babba zuwa yaro ba tare da allo ko alli ba.

Yanzu rani ya fi damina aiki. Yaron da ya taso daga makaranta gona zai wuce, ko ban ruwa, ko tsinkar tumatir, ko shanyar shinkafa, da yamma ga Islamiyya. Uban da zai koya masa saƙa ya ga kwandon tumatir ya fi ƙwaryar zane kawo kuɗi, kuma gaskiyarsa ce. Gurbin da gida yake koyarwa a cikinsa ya toshe. Wurin da ya rage yara suke taruwa kullum a gaban babba shi ne makaranta, don haka idan ita ba ta ɗauki wannan nauyi ba, babu wanda zai ɗauka.

Manomi ma malami ne

Ba rini kaɗai ba ne. Tun shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore yake nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, abin da ya ja hankalinsa kuwa shi ne yadda mutane masu yawan gaske suke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ƙasar ba ta mutu ba. Amsar tana hannun manoma: takin dabbobi da sharar birni da ake kaiwa gona a kan jakuna, haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, da barin itatuwa masu amfani a tsakiyar shuka.

Gawo ya isa misali. Shi ne itacen da yake zubar da ganye da damina, lokacin da shuka take buƙatar rana, ya yi ganye da rani lokacin da dabbobi suke neman inuwa da abinci. Manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi kyau tun kafin masana su auna su tabbatar cewa itacen yana ƙara wa ƙasa sinadarin da ake saye a buhun taki. Haka manomin yake rarrabe jigawa da fadama da laka, ya san wadda take riƙe ruwa da wadda take sakinsa, ya san a gauraya wake da toka don kada ya yi ƙwari. Kafin ruwan Tiga, da jigo ake ban ruwan lambu, kuma jigo darasi ne cikakke a kan yadda doguwar sanda da nauyi suke sauƙaƙa ɗaga kaya. Gayya kuwa, inda matasan gari suke haɗuwa su nome gonar mutum ɗaya, ita ce tushen da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na yau suke buƙata idan za a yashe magudana, domin wanda yake ƙarshen layi ba ya samun ruwa sai na sama sun yi adalci.

Ana koyar da aikin gona a makarantun yankin, amma sau da yawa daga littafi ake kwafe shi a allo, da misalan koko da kwakwar manja, ga yaran da suka kwana da ƙurar casa a jikinsu.

Ba yau aka fara tunanin ba

Makarantar boko ta farko a Kano, wadda Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909, da Hausa take koyarwa, kuma tana da sashen sana'o'i. Manufar Turawan mulki ita ce samun ma'aikatan da za su yi musu aiki, wannan ba a ɓoye yake ba, amma ko su sun gane cewa ba a fara gini daga sama. Gasar rubutun da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, daga baya Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, shi da East kuma suka fitar da Ikon Allah, littattafan da suka bayyana kimiyyar halittu da Hausa. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a littattafai shida, waɗanda duk wanda ya yi firamare a wancan zamani yake tunawa da su.

A takarda ma ba a bar abin ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen gida a shekarun farko na firamare. A Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta faɗaɗa wannan zuwa aji shida, sai kuma a Nuwamba 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin, aka mayar da Turanci harshen koyarwa, bisa hujjar faɗuwar ɗalibai a jarrabawa. Masana harshe da dama sun ja da wannan hujja, suna cewa tsarin da ba a horar da malamansa ba, ba a buga littattafansa ba, ba a gwada shi ba balle a ce ya gaza.

Darasin Hausa yana nan, kuma a jarrabawar WAEC da NECO akwai sashen al'adu. Amma duk wanda ya duba littafin rubutun ɗalibi zai ga abin da ake yi: a lissafa sana'o'in gargajiya, a lissafa kayan aikin saƙa, a haddace, a zuba a takardar jarrabawa, a manta. Yaro zai rubuta kayan rini daidai ya ci maki, bai taɓa leƙa rami ba.

Masu ja da maganar

Ba kowa ne ya yarda a shigar da waɗannan abubuwa aji ba, kuma masu jan suna da hujjojin da ya kamata a saurara.

Iyaye da yawa suna ganin ba don a koya wa ɗansu abin da yake gani a gida suka sa shi makaranta ba. Turanci suke so ya iya, ya ci JAMB, ya zama likita ko injiniya, ya huta da shiga laka. Manomin da ya sayar da buhunan shinkafa ya biya kuɗin makarantar kuɗi, idan ya ji an kai yara karofi, zai iya cewa an ɓata musu yini. Wannan tsoro na gaskiya ne. Amsarsa ita ce a nuna wa uban cewa yaron da ya ga zane ya sauya launi a hannun marini ya fi wanda ya haddace riƙe darasin, kuma tambayar da za ta fito a jarrabawa ita ce dai wannan. Ko da Turanci ake koyarwa, babu abin da ya hana misalin ya fito daga Kura.

Malaman addini kuma sukan tambaya wace al'adar ake nufi. Idan bori ne da tsafi da camfi, ba su yarda ba, kuma jama'ar yankin tana bayansu. Amma sanin ƙasa da sana'a da tarihin gari da ladabin gaida manya ba su ci karo da addini ba. Manyan malaman ƙasar Hausa da yawa da sana'ar hannunsu suka ci abinci, kuma almajiran tsangaya sun daɗe suna haɗa karatu da ɗinkin hula da noma.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta malaman makaranta. Malamin da yake fama da yara fiye da ɗari a aji guda, wasu a ƙasa, ga jadawali a cike, ga albashin da ba ya kai wata, idan aka ce ya ƙara wani abu, dole ya tambaya da wane lokaci, da wane kuɗi. Gwamnatin Kano da kanta ta amsa cewa lamarin ya yi tsanani, shi ya sa Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yuni 2024. Ga kuma wata matsalar: malamai matasa da yawa su ma ba su san abin ba, domin irin wannan makarantar ce ta yaye su.

Akwai kuma inda ilimin gida yake buƙatar gyara, kuma ɓoye wannan cutar da yara ne. Tsargiya ta zama ruwan dare a yankunan noman rani, saboda dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar yana son ruwa mai tafiya a hankali, yara kuma suna wanka a magudanai. A wurare da dama har yanzu akwai masu ɗaukar fitsarin jini a wurin yaro namiji alamar girma ce. Ba alamar girma ba ce, cuta ce mai lalata mafitsara, kuma tana da magani. Haka da ƙwaron tumatir ya afka wa gonakin ranin yankin a 2016 ya cinye amfanin manoma, babu wata dabarar kakanni da ta san shi, domin baƙo ne daga wata nahiya. Ajin da yake girmama abin da yaro ya zo da shi daga gida shi ne yake da bakin gaya masa inda gidan ya yi kuskure, ya kuma saurara.

Yadda wasu suka yi

Al'ummar Banjar ta Kalimantan ta Kudu a ƙasar Indunusiya Musulmi ne, manoman shinkafa a ƙasa mai fadamu da koguna, kuma suna da zanen rini nasu da ake kira sasirangan, wanda ake ɗinke wasu sassansa da zare kafin a tsoma. Tun shekarun 1990 manhajar Indunusiya ta ware wa kowane lardi gurbin da zai cika da abin da ya shafe shi. A makarantu da dama na yankin Banjarmasin, a wannan gurbi ake koyar da harshen Banjar da rinin sasirangan, kuma akwai ranakun da ɗalibai da ma'aikata suke sa shi. Wannan ya ba masu sana'ar kasuwa ta dindindin, ya sa yara suka san hannun da ya yi rigar da ke jikinsu. Abin da ya bambanta su da mu shi ne sun ba abin sa'o'i a jadawali, da malami, da maki.

A kusa da mu, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife a shekarun 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci tsawon firamare ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. Nijar ta fara makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida tun 1973, a 2025 kuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye, hawan da ba ya cika sai da aikin masaƙa da marina da dukawa da maƙera.

Abin da ba ya buƙatar izinin Abuja

Sauya manhajar ƙasa abu ne mai ɗaukar shekaru, amma mafi yawan abin da ake magana a kai ba ya jiran wannan. Manhajar da ake da ita ta riga ta ƙunshi kimiyya da aikin gona da tarihi da darasin al'adu da fasaha. Abin da ya rage shi ne inda malami zai ɗauko misalinsa, da wanda zai gayyato ya tsaya a gaban aji.

Makarantar kimiyya ta Dawakin Kudu za ta iya haƙa ramin rini ɗaya a harabarta, ta ɗauko marini daga Kura ya kafa shi, ɗalibai su riƙa auna ruwan kullum suna rubuta abin da suka gani. Kuɗin wannan bai kai na na'ura ɗaya ta ɗakin gwaje-gwaje ba. Makarantun firamare za su iya gayyatar Sarkin Noma ko shugaban ƙungiyar masu ruwa sau ɗaya a zango, a ba shi ɗan abin goro, a girmama shi a matsayin malami. 'Yan sakandare da suke riƙe da waya za a iya tura su su naɗo hirar kakanninsu a kan yadda garin yake kafin zuwan ruwa, da sunayen unguwanni da gonaki da irin hatsin da aka daina shukawa. Mata tsofaffi su ne ma'ajiyar kaɗi da tatsuniya da sarrafa abinci da renon jarirai, kuma su aka fi mantawa idan ana irin wannan lissafi. Cibiyar nazarin harsunan Najeriya da fassara da hikimomin al'umma ta Jami'ar Bayero, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, da makarantar horon malamai ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, suna da masanan da za su tace abin da aka tattaro su mayar da shi ƙananan littattafai, kowace ƙaramar hukuma da nata.

Kira a nan ga sakatarorin ilimi na Dawakin Kudu da Kura da Bunkure da Garun Malam ne, da hakimai da dagatai, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai waɗanda Allah ya buɗa wa. Su zauna da shugabannin makarantu, su rubuta sunayen marina da masaƙa da maƙera da tsofaffin manoman da suka rage a kowace gunduma, su fara kai yara wurinsu a wannan zangon, tun suna da ƙarfin nuna aikin da hannunsu.